Wane ril ne mara nauyi kuma mai sauƙin kuɗi ya dace da ƙaramar sandar fatsa?

Tambaya daga Malamin Makaranta, Kano

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan'uwa ma'abota fatsa. Tun ina yaro nake jefa ƙugiya a kududdufi da sandar gora da totuwar kara, amma sai a 'yan shekarun nan na fara amfani da sandar zamani mai na'urar naɗe zare, wadda masu sayarwa ke kira ril. Mafi yawan fitata a ranakun Asabar ce, zuwa gefen madatsar ruwa ta Tiga ko tafkin Bagauda, kuma abin da nake nema bai wuce karfasa da kawara ba, sai ɗan ƙurungu idan ya faɗo. Da wuya kifin da nake kamawa ya haura rabin kilo, kuma ban damu da hakan ba, domin abin da ke kai ni bakin ruwa shi ne natsuwar wurin da kuma jin motsin kifi a hannuna.

Watanni uku da suka wuce ƙanena ya kawo mini tsarabar wata siririyar sanda mai tsawon mita 1.8, wadda aka rubuta a jikinta cewa tana ɗaukar zare mai ƙarfin kilo 1 zuwa 3, da koto mai nauyin giram 1 zuwa 7. Sandar ba ta da nauyi ko kaɗan, har mutum kan manta tana hannunsa. Matsalar ita ce ril ɗin da nake da shi babba ne, mai lamba 4000, na saye shi a kasuwa ba tare da na san kamfanin da ya ƙera shi ba, abin da kawai ya ja hankalina shi ne arahar kuɗinsa da kuma rubutun da ke jikin kwalinsa cewa yana da boris 12 da ƙarin 1. Da na ɗaura shi a wannan sanda sai nauyi ya rinjaya gaba ɗaya zuwa gindi, wuyan hannuna yakan gaji kafin hantsi, kuma sau biyu ke nan siririn zare yana tsinke mini a lokacin da kifi ya fizga, saboda birkin ril ɗin, wato abin da ke riƙe zare idan kifi ya ja, yakan cije maimakon ya saki zaren a hankali.

Ƙanen nawa zai sake dawowa daga tafiya nan da wata biyu, kuma ya ce in faɗa masa abin da zai sayo mini. Abin da zan iya kashewa bai wuce kimanin dala 60 ba. Ina roƙon waɗanda suka fi ni sani su taimaka mini a kan abubuwa uku. Shin mai lamba 500 zan nema ko mai lamba 1000? Shin yawan boris yana nuna inganci kamar yadda na ɗauka a da? Sannan wane suna zan rubuta masa wanda ba zai ba ni wahala ba idan ƙurar hunturu ta shige shi, tunda babu shagon gyaran irin waɗannan kaya kusa da ni? Allah ya saka da alheri.

Amsa daga Ɗan'uwa Mazaunin Minesota, Amurka

Wa'alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta zo wa mai irin wannan sha'awa, domin a jihar da nake zaune tafkuna sun yi yawa, kuma kifin da na fi nema a lokacin zafi wani ɗan kifi ne mai faɗin jiki da ake kira bulugil, wanda a girma da yadda yake kokawa bai bambanta sosai da karfasar gida ba. Saboda haka abin da ya yi mini aiki a nan ina kyautata zaton zai yi maka.

Ka nemi mai lamba 1000, ka bar mai lamba 500. Na san wannan salon fatsa da kaya marasa nauyi yana sa mutum ya ɗauka cewa mafi ƙanƙanta shi ne mafi dacewa, amma ga dalilina. Kwarkwaron da zare ke naɗuwa a kansa a ril mai lamba 500 ƙarami ne ƙwarai, kuma zaren nailan yana da ɗabi'ar riƙe siffar abin da aka naɗe shi a kai. Idan kwarkwaron ya matse, zaren yakan fito a nannaɗe kamar sifirin, ya riƙa gogar zobban sanda, jifa ta gajarta, kuma da zarar iska ta kaɗa sai ya harɗe. Kwarkwaron mai lamba 1000 faɗinsa yakan kai kusan milimita 40, zaren yana fita a sake, kuma farantan birkin da ke cikinsa sun fi faɗi, abin da ke sa su saki zare ba tare da cijewa ba. Bambancin nauyi tsakanin su biyun yawanci 'yan giram kaɗan ne, wanda bai kai a sayar da waɗannan fa'idoji dominsa ba.

Sai dai ka gargaɗi ƙanenka cewa kamfanoni ba su haɗu a kan lamba ɗaya ba. Abin da Shimano da Daiwa ke kira 1000, Okuma a wasu kayanta na kiransa 10, Pflueger kuma ƙaraminsu 20 ne, na gaba da shi 25. Idan ya ga wanda aka rubuta C2000S a kayan Shimano kada ya tsorata da lambar, domin ma'anarta jikin mai lamba 1000 ne aka ɗora masa kwarkwaro mai faɗin na 2000, harafin S kuma yana nufin kwarkwaron ba shi da zurfi. A ganina wannan haɗin shi ne mafi dacewa da siririn zare, idan har ya samu a cikin kuɗinka.

Game da boris, abin da ka ɗauka shi ne abin da masu irin wancan kwali suke so ka ɗauka. Ƙarin 1 ɗin da ake rubutawa boris ne na musamman da ke hana hannun ril komawa baya, sauran kuma suna tallafar sassan da ke juyawa. Wuraren da suke buƙatar boris da gaske ba su da yawa, wato gefe biyu na babbar giya da kuma kan ƙaramar giyar da ke juya kan ril. Shi ya sa za ka ga Shimano Sienna da Sedona da boris 3 da ƙarin 1 kacal, amma suna juyawa lafiya shekara da shekaru, alhali wani mai 12 da aka cika shi da boris na ƙarfe mara kyau yakan fara ƙara tun kafin damina ta fita. Abin da ya fi yawan boris muhimmanci shi ne yadda aka yanka haƙoran giya da yadda suka zauna a kan juna.

Ga sunayen da na riƙe a hannuna ko na gani a hannun abokan fita. Shimano Sienna shi ne mafi araha, a shagunan nan bai cika kai dala 40 ba, yana da juriya, amma yana cikin masu ɗan nauyi a ajinsa. Okuma Ceymar mai lamba C-10, na wani kamfanin Taiwan, ƙarami ne mara nauyi, da boris 6 da ƙarin 1. Pflueger President tsohon suna ne da masu ƙananan kifi suka daɗe suna yabawa a Amurka. Sai Daiwa Revros LT, wanda ke cikin jerin da kamfanin ya sa wa haruffan LT domin nuna cewa an rage nauyi ba a rage ƙarfi ba. Waɗannan ukun na ƙarshe farashinsu yakan faɗa tsakanin dala 45 da 70, gwargwadon shago da lokaci. Idan da ni ne, Revros LT mai lamba 1000 zan rubuta a farko, saboda yadda yake jera zare a kwarkwaro daidai wa daida, sai Ceymar a matsayin na biyu idan ba a samu ba.

Kada ka bari neman rashin nauyi ya ɗauke maka hankali fiye da kima. Masu araha a wannan aji suna tsakanin giram 170 da 230, masu tsada irin su Shimano Vanford kuma suna sauka zuwa wajen giram 150, amma kuɗinsu ya haura dala 200. Giram hamsin ɗin nan ba shi ne ke gajiyar da hannu ba. Abin da ke gajiyar da hannu shi ne rashin daidaito tsakanin sanda da ril, kamar yadda ka gani da kanka. Idan sabon ya iso, ka ɗaura shi, ka ɗora sandar a kan yatsa ɗaya daidai gaban inda ƙafar ril ta zauna. Idan ta tsaya a miƙe ko ta ɗan sunkuya kaɗan, to kun dace.

Amsa daga Mai Gyaran Keken Ɗinki, Zariya

Malam, barka da wannan tambaya, kuma ina gaida ɗan'uwanmu na Amurka da ya yi bayani mai gamsarwa. Ni sana'ata gyaran keken ɗinki ce, amma da yake mutanen unguwa sun san ina zuwa fatsa, duk wanda ril ɗinsa ya ƙi juyawa wurina yake kawowa. Saboda haka zan yi magana a kan abin da nake gani idan na kwance su, wato ɓangaren tambayarka na uku.

Birkin da ya tsinke maka zare ba wani abu ba ne illa 'yan washa da aka jera a cikin kwarkwaro, wasu na ƙarfe wasu na abu mai taushi, sai murfin da ke sama ya danne su idan ka murɗa shi. A ƙananan ril masu araha, masu taushin yawanci na ulu ne da aka matse aka jiƙa da mai, kuma kada kowa ya raina maka su, domin ga siririn zare sun fi washa na kabon sakin zare cikin laushi. Na kabon an yi su ne domin manyan kifaye da ke ja da ƙarfi har birki ya yi zafi. Abin da ke kashe na ulu abu biyu ne, bushewar mai da kuma barin birki a ɗaure bayan an dawo gida, wanda ke sa ulun ya danne ya taurare. Duk ranar da ka gama fatsa, ka sassauta murfin nan har ƙarshe kafin ka ajiye. Wannan ɗabi'a ɗaya ta fi duk wani gyara da zan iya yi maka.

Haka kuma kada ka kula da rubutun da ke cewa birki yana riƙe kilo 5 ko kilo 8. Kai da zarenka ke tsinkewa a kilo 2, ba ka da abin yi da wannan adadi. Abin da za ka gwada shi ne farkon sakin, wato ka ɗaura birkin kaɗan, ka ja zaren da hannu a hankali, ka ji ko yana fitowa a jere ko kuwa yana tsayawa yana fizgewa. A daidai wannan tsayawar ce kifi ke tsinke zare.

Maganar ƙura kuwa, gaskiya ce babu ril mai dala 60 da aka toshe shi yadda ƙurar hunturu ba za ta shiga ba. Akwai masu ɗan tsada, kamar Daiwa Fuego, da aka toshe wa wuya da wani mai na musamman mai bin maganaɗisu, amma irin wannan ba a kwance shi a gida, domin idan man ya zube ba za ka sami madadinsa a kasuwarmu ba. Ga wanda ke nesa da shagon gyara kamar kai, na fi son ril mai sauƙin gini wanda sukurori uku ko huɗu ne ke riƙe da murfin gefensa. Ka ajiye shi a cikin tsohuwar safa ko jakar yadi, ka goge shi da tsumma mai ɗan danshi bayan kowace fita, kuma kada ka tsoma shi cikin ruwa da sunan wanki, domin ruwan zai tura yashi ciki ne.

Wurin da ya fi saurin lalacewa, wanda kuma mutane suka fi mantawa da shi, shi ne 'yar tayar nan da zare ke bi a gefen bakan waya, wato lanƙwasasshiyar wayar da ake buɗewa idan za a yi jifa. Idan ta daina juyawa, zare yakan murɗe, ya riƙa goguwa har ya yi rauni. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a kanta, da ɗigo ɗaya a mariƙin hannu, da ɗaya a sandar ƙarfen da kwarkwaro ke hawa da sauka a kanta, ya isa na wata guda. Giya ta ciki giris take so, mara kauri, sau ɗaya a shekara, kuma kaɗan. Kada ka zuba baƙin mai na mota, kada kuma ka wanke da fetur, domin jikin waɗannan na'urori yawanci na roba mai ƙarfi ne da aka cakuɗa da girafait. Abu na ƙarshe, idan ka yi jifa ka rufe bakan wayar da hannunka maimakon ka juya mariƙi ya buga shi ya rufe. Mafi yawan waɗanda ake kawo mini, sifirin ɗin wannan baka ne ya karye.

Amsa daga Dattijo, Yawuri

Malam, Allah ya ƙara basira. Na karanta abin da 'yan'uwa biyu suka rubuta kuma ban ga kuskure a ciki ba, sai dai ina da wata fahimta da ta ɗan sha bamban, wadda ta samo asali daga ruwan da na saba da shi. Mu a nan muna bakin kogin Kwara ne, a saman tafkin da madatsar Kainji ta haifar tun 1968, kuma abin da shekaru suka koya mini shi ne mutum yana zaɓen ƙugiyarsa amma ba ya zaɓen kifin da zai haɗiye ta. Ɗan'uwanmu na Minesota yana fatsa a ruwan da ya san iyakar abin da ke cikinsa. A ruwanmu kuwa, kana jefa tana domin karfasa sai tarwaɗa mai kilo uku ta ɗauka ta nufi cikin ciyawa, ko kana jan ɗan koton ƙarfe mai siffar cokali domin kawara sai tsage ya faɗo masa. Ba na ma maganar giwan ruwa, wanda babbansa yakan fi mutum nauyi.

Saboda haka ni da za ka ji tawa, da ka ɗan haura zuwa mai lamba 2000. Nauyin da zai ƙaru ba shi da yawa, amma za ka sami zare mai tsawo da kifi zai gudu da shi ba tare da kwarkwaro ya ƙare ba, kuma ranar da ka samu sanda mai ɗan kauri ba sai ka sake sayen wani ril ba. Mai kuɗin sayen guda ɗaya tak ya kamata ya sayi wanda zai yi masa aiki biyu. Idan kuma ka tsaya a kan 1000, ba laifi, amma kada ka sauka ƙasa da zare mai ƙarfin kilo 2 da rabi ko 3, wato mai kaurin kusan milimita 0.22. Ruwanmu ba garau yake ba a mafi yawan shekara, musamman da damina, don haka kifi ba ya ganin zare yadda yake gani a ruwan duwatsu na ƙasashen sanyi, kuma ƙarƙashinsa cike yake da kututture da ragowar tarun masunta.

Idan akwai tsage a inda kake zuwa, ka sani cewa babu ril ɗin da zai cece ka daga haƙoransa. Siririyar waya mai tsawon taƙi ɗaya a gaban koto ita ce magani, in ba haka ba zai yanke zaren kamar da almakashi.

Wani abin da nake so ka kiyaye shi ne jabu. Sunayen nan da aka ambata suna da daraja, shi ya sa ake kwaikwayonsu. Shimano kamfanin Japan ne da aka kafa tun 1921, kuma masu kekuna sun san shi da giyar keke tun kafin mu san shi da kayan fatsa, to duk sunan da ya kai haka ba ya rasa masu buga shi a jikin kayan da ba nasa ba. Na taɓa riƙe wani da aka sayar wa wani yaro a nan da babban suna a jikinsa, da na juya mariƙin sai na ji yana karkarwa kamar zai fita. Ka ce wa ƙanenka ya saya a shagon kayan fatsa da aka sani, ya tabbatar akwai takardar da ke nuna zanen sassan na'urar da lambobinsu a cikin kwalin, kuma idan ya ga farashi ya faɗi ƙasa da rabin na ko'ina, ya tuna cewa araha ba ta ado. Kafin ya biya ya kama mariƙin ya girgiza shi gefe da gefe, ya kuma gwada mayar da shi baya, domin na kirki yana tsayawa cak ba tare da wasa ba.

Malamin Makaranta, Kano

Na gode ƙwarai da gaske, Allah ya saka muku da mafificin alheri. Baba na Yawuri, maganarka ta tsaya mini a rai, domin sau ɗaya daga cikin biyun da zarena ya tsinke, na tabbata ba karfasa ba ce, nauyin da na ji ya wuce nata nesa. Amma da na sake ɗaukar sandar na duba siririntarta, sai na ga ko da ril ya iya da babban kifi, ita sandar ba za ta iya ba. Saboda haka na yanke shawarar rubuta wa ƙanena Revros LT mai lamba 1000, idan bai samu ba Ceymar C-10, idan kuma ya ci karo da mai jikin 1000 da kwarkwaron 2000 a cikin kuɗin, ya ɗauko shi, tunda wannan ya haɗa shawarar Baba da ta ɗan'uwanmu na Amurka. Zaren kuma zan bi ta Baba, in fara da mai ƙarfin kilo 3.

Saura abu biyu da ban gane ba. Na ga ana rubuta 5.2:1 ko 6.2:1 a jikin kwali, ban san wanne zan ce ya zaɓa ba. Sannan na ji ana yabon saƙaƙƙen zare, wai ya fi nailan nisa wajen jifa. Shin ya kamata in fara da shi, ko in tsaya a kan nailan ɗin da na saba?

Ɗan'uwa Mazaunin Minesota, Amurka

Malam, zaɓinka ya yi, kuma na karɓi gyaran Baba a kan kaurin zare, domin shi ya fi ni sanin ruwan gida a yau. Lambar 5.2:1 tana nufin duk juyi ɗaya da ka yi wa mariƙi, kan ril yana zagaya kwarkwaro sau 5.2. A kan kwarkwaro mai faɗin milimita 40, wannan yana ɗebo zare kusan santimita 65 a kowane juyi, mai 6.2:1 kuma yana ɗebo kusan 78. Ga aikinka mai 5 da 'yan kai ya fi, saboda ƙananan koto suna son a ja su a hankali, kuma ya fi sauƙi mutum ya ƙara saurin hannunsa a kan ya tilasta wa kansa ragewa. A kayan Daiwa idan ka ga XH, a na Shimano kuma HG, masu saurin ne.

Saƙaƙƙen zare gaskiya ne ya fi nisa, ba ya riƙe naɗi, kuma da yake ba ya miƙewa kana jin ko ɗan taɓin da kifi ya yi. Amma yana da tsada, yana bukatar ka ɗaura masa ɗan guntun nailan ko fulorokabon (wani zare mai kama da nailan) a gaba da ƙulli na musamman, yana zamewa a kan kwarkwaro idan ba a fara shimfiɗa nailan a ƙarƙashinsa ba, kuma rashin miƙewar tasa yana nufin duk fizgar kifi tana sauka kai tsaye a kan birki da ƙugiya. Nailan yana miƙewa, kuma wannan miƙewar tana rufa wa mai koyo asiri. Ka yi shekara guda da nailan tukuna. Sai dai ka riƙa sauya shi aƙalla sau ɗaya a shekara, domin rana tana cinye shi, kuma kada ka bar sandar a bayan mota cikin zafin bazara.

Lokacin ɗora zaren, ka ajiye faifan da ya zo a kai a kwance a ƙasa, ka ratsa zaren ta zoben farko na sanda, ka riƙe shi da tsumma mai danshi domin ya shiga a matse. Bayan juyi goma sha biyar ka sassauta ka duba, idan ya fara murɗewa ka kifa faifan ta ɗaya fuskar. Ka tsaya idan saura kamar milimita 2 zaren ya kai leɓen kwarkwaro, domin idan ya cika fal zai zubo a dunƙule, idan kuma ya yi ƙasa sosai jifa ba za ta yi nisa ba. Idan za ka yi amfani da koto mai farfela da ke juyawa a ruwa, ka sa ɗan majuyi, wato ɗan ƙarfen da ke juyawa ya hana zare murɗewa, a gabansa, kuma duk lokacin da ka ji birki yana ƙara kifi na jan zare, ka daina juya mariƙi har sai ya tsaya, domin kowane juyi a wannan hali murɗa ce kake ƙara wa zaren.

Saitin birki kuwa ƙa'idarsa ita ce ya fara saki a kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin zaren. Ba ka bukatar sikeli domin wannan. Ledar ruwan sha ta santilita 50 nauyinta rabin kilo ne, wanda ya yi daidai da zare mai kilo 2. Tunda naka mai kilo 3 ne, ka zuba ruwa santilita 75 a gora, ka ɗaure ta da zaren kai tsaye daga ril ba tare da ka bi ta zobban sanda ba, domin kada ka lanƙwasa siririyar sandar da mataccen nauyi. Ka ɗaga a hankali, ka riƙa sassauta murfin har sai gorar ta fara sauka da kanta sannu a hankali. Ka lura da inda murfin ya tsaya, ka ja zaren da hannu sau biyu ko uku domin yatsunka su san wannan nauyin, yadda idan ka isa Tiga za ka iya mayar da shi wurin ba tare da gora ba.